Jinyar Shehu Usmanu a Kusa da Magajinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a garuruwan bakin iyaka irin su Illela, inda almajirai ke tahowa daga Ƙonni da ƙauyukan Adar don neman ilmi, sau da yawa makarantar zaure takan watse da zarar malaminta ya kwanta ciwo. Dalili kuwa, malamin yakan janye jikinsa ya ɓoye rauninsa, har ajali ya riske shi babu wanda ya san inda karatu ya tsaya. Magabata ba haka suka yi ba.

A ciwon ajalinsa, shekara ta 11 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Sayyadina Abubakar ya ja salla. Nana A'isha ta nemi a sa wani saboda taushin zuciyar mahaifinta, amma Annabi ya nace. Sahabbai kuwa suka riƙe wannan ishara ranar mubaya'a.

Mutanen Illela suna da misali a ƙofar gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya kuma karantar a Ɗegel, ya raba aikin mulki a 1812: yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. A 1815 ya tashi daga Sifawa ya koma Sakkwato, garin da Bello ya kafa a 1809, alhali Boɗinga, mazaunin Abdullahi, ta fi kusa da shi ƙwarai. A nan ya yi jinyarsa, Bello na kusa da shi, har Allah ya karɓi ransa a 1817, jama'a suka yi wa Bello mubaya'a.

Duk da haka al'amarin bai wuce salin alin ba, domin zama kusa ishara ce kurum, kuma Abdullahi ya girmi Bello, malaminsa ne ma. Da ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa, ya juya da ɓacin rai. Sai bayan 'yan shekaru, da Bello ya kai masa gudummawa a yaƙin Kalambaina, suka haɗu. Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi.