Wayar da Za Ta Hau Ruwa

Ɗana, labari ya iso mini cewa an ba ka aikin haɗa wuta a wani babban kwalekwalen fasinja a Yawuri, mai injin da ke tashi da makulli, da famfon kwashe ruwa, har da faifan sola a kan rumfa. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sa albarka. Amma kafin ka shiga kasuwa sayen waya, tsaya ka ji abin da ruwa ya koya mini, domin hannunka da aikin gida ya saba.

Wayar gida, da zarar an binne ta a bango, ta kwanta ke nan. Ta jirgi kuwa ba ta san hutu ba. Inji na karkarwa, igiyar ruwa na dukan katako, fasinja na takawa. Ka tuna yadda kake tsinka waya in babu filaya a kusa: ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta yi zafi ta karye. Haka jirgi yake yi wa waya mai tauri, sai dai shi a hankali yake yi, cikin watanni, a cikin roba inda ido ba ya gani.

Ina saurayi na taɓa haɗa batir da injin wani jirgi da kebul ɗin gida mai kauri, irin mai sili bakwai. Ya yi rani lafiya lau. Da damina ta faɗi, wata ranar kasuwa dab da magariba, inji ya mutu musu a tsakiyar tafkin Kainji, ga hadari ya haɗo, ga mata da yara a ciki. Matuƙi ya murɗa makulli, shiru. Da filafili suka ja jirgin zuwa gaɓa, Allah ya tsare. Washegari da na yanka robar a bakin batir, sili biyar sun karye, biyun da suka rage sun yi baƙi ƙirin. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Saboda haka ka nemi waya mai sili ƙanana ɗaruruwa, sirara kamar gashi. Ka riƙe ta ka naɗa a hannu. In ta bi ka kamar igiya, ita ce. In ta tsaya ƙiƙam a yadda ka lanƙwasa ta, bar wa masu gini.

Sai kauri, kuma a nan ne samari suka fi tuntuɓe. Wutar gida bolt 230 ce, ta batir 12 kacal. Na'urar da ke jan wat 1,000 ba ta kai amfiya 5 a gida, amma a kan batir sai ta haura amfiya 80. Kuma a bolt 12 ba ka da rarar da za ka zubar a hanya. Ƙungiyar ABYC ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin aikin jiragen ruwa, ba ta yarda wuta ta ragu fiye da kashi 3 cikin 100 ba a kan abin da rai ya dogara da shi, kamar famfo da fitilun tafiyar dare. Wato bolt 0.36. In za ka auna tsawo, ka lissafa zuwa da dawowa, don wuta sai ta koma batir. A ce famfonka na jan amfiya 10, kuma yana mita 5 daga batir, to wayarka mita 10 ce. Mai kaurin murabba'in milimita 2.5 za ta cinye kusan bolt 0.7, famfo ya yi ta nishi a lokacin da ake bukatarsa. Mai milimita 6 ba ta kai 0.3. In ka ga an rubuta AWG a jikin waya, lissafin Amurka ne, kuma a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Lamba 4 wajen murabba'in milimita 21 ce, lamba 2 wajen 34. Duk inda lissafi ya bar ka tsakanin biyu, ɗauki babbar.

A kasuwa ka tafi da wuƙa a aljihu. Akwai wayar da za ka gani ja jawur kamar jan ƙarfe, ga araha, ga rashin nauyi. Kankare sili ɗaya. In cikinsa fari ne, alminiyam ce aka yi wa riga, ba ta ɗaukar wutar da jan ƙarfe ke ɗauka, kuma laima na cinye ta ta zama gari. Wayar jirgi ta ainihi akasin haka take: fara a waje saboda an yi wa kowane sili wanka da kuza, ja a ciki. Kuzar nan ita ke hana koren tsatsar da ke bin sili tana shiga ƙarƙashin roba. Ruwan Kainji ba na gishiri ba ne, ya fi na Legas sauƙi, amma ƙasan kwalekwale ba ya bushewa.

Na san za ka ce ga kebul ɗin walda, yana da taushi, ana samunsa ko'ina. Gaskiya ne, ni ma na yi aiki da shi da babu ta tilasta. Aibinsa biyu: galibi silinsa ba su da kuza, kuma robar wasu tana kumbura ta yi laushi in fetur ko baƙin mai ya jiƙa ta. In shi kaɗai ka samu, ɗaga shi sama da ruwan ƙasan jirgi, nesa da jarkar mai, ka toshe bakinsa da kyau.

Bakin nan shi ne rabin aikin. Ka sa kan waya daidai da kaurinta, ka matse da abin matsewa na gaskiya, ba guduma da dutse ba, sannan ka rufe da robar nan mai gam a ciki da ke tsukewa in ta ji zafi. Kada ka dogara da liƙin dalma kaɗai, don tana bin sili ta sandarar da su, ka koma gidan jiya. Ka sa fis kusa da batir, kada ya wuce tazarar santimita 18, ban da kebul ɗin da ke tayar da inji. Ka ɗaure waya a jikin katako duk bayan kamu ɗaya, ka bar mata ɗan sarari a wajen inji don ta bi juyinsa.

Mai jirgi zai yi ƙorafin kuɗi, kada ka ji haushinsa, shi ma lissafi yake yi. Yanko masa guntu biyu, na gida da na jirgi, ka ba shi ya lanƙwasa da hannunsa. In ka gama, kunna komai na ɗan lokaci, ka bi kowace mahaɗa da bayan hannu. Inda ka ji ɗumi, kwance ka sake tun jirgi na bakin gaɓa.

Ka gaida mahaifiyarka, ka kuma aiko mini da hoton aikin in gani.