Kafin Ka Ba da Ajiyar Kaset ɗin Gidanku

Sana'ata juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Kafin yaƙin Sudan, wani dattijo daga wani ƙauye kusa da Mai Wurno ya kawo mini akwatin ƙarfe na mahaifinsa. Da na buɗe sai ga begen Annabi, ga kalangun biki, ga mata suna waƙar daka cikin Hausar da Larabci ya ratsa, irin ta jikokin waɗanda suka yo gabas bayan yaƙin Burmi a 1903. Ko a Sakkwato ba za ka ji irinta ba. Wasu kaset ɗin fumfuna ta riga ta cinye zarensu.

Ya ce, "Malam, wa zan ba ajiyar nan?"

Ban ɓoye ba, a lokacin Khartum kawai na hango. Can ne Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya ta jami'ar Khartum take da taskar muryoyi, ga kuma gidan rediyon Umdurman, wanda tun 1940 yake aiki, inda mawaƙiya A'isha Falatiya ta yi suna. Sai ga 15 ga Afrilu, 2023, ranar da yaƙin ya ɓarke. Gidan rediyon ya koma sansanin mayaƙa, aka wawashe gidan tarihi na ƙasa, a Disamba kuma Wad Madani ta faɗi. Abin da ya tsira daga akwatin dattijon nan shi ne kwafin da muka rarraba a hannun dangi, ɗaya a wata ƙasar ma.

Tun daga nan na daina duba girman suna. Yanzu abin da nake fara tambayar kowace cibiya shi ne: za ku juye kaset ɗin? Kwafi nawa, kuma a garuruwa nawa? In amsar ita ce ɗaki guda, komai kyan ɗakin, a haƙura.

Sai abin da ya fi ci mini rai, wato wanda zai saurara. Na taɓa ganin kaset a wata ma'ajiya an rubuta masa "waƙar Falata" kawai, babu sunan mawaƙiya, babu gari, babu shekara. Wurin da ba shi da mai jin Hausa zai tsare robar ne, waƙar kuwa ta ɓace. Don haka kafin ku miƙa, ku zaunar da tsofaffin gida su faɗi wa ke waƙa, bikin wa, a ina. Kwafi guda kuma a nemi kai shi Gidan Arewa a Kaduna ko jami'ar Bayero a Kano, inda masu nazarin harshen suke.

A rubuta yarjejeniya: mallaka ta iyali ce, ba a sayarwa sai da izini, kuma jikoki suna da damar saurare.

'Yan'uwa na Jazira da Sinnar, wanda ya koma gida ya tarar da akwatinsa, kada ya saka kaset mai fumfuna a rikoda. Ya ajiye shi a inuwa, nesa da danshi da gara, ya nemi mai juyewa tun tsofaffin suna raye.