Ina Ake Ɓoye Kyamarar Dandalin Waƙa?

Wani mai saurarenmu daga Zariya ya tambaya: ta yaya yatsun makaɗi ke bayyana a babban allo, alhali ba a ganin mai ɗaukar hoto kusa da shi?

To malam, ƙananan kyamarori ne, wasu ba su wuce babban yatsa ba. Ana maƙala su a gefen ganga, ko jikin sandar makirfo, waya ta kai hoton wurin mai zaɓen abin da zai hau allo. Wahalar aikin ita ce jinkiri: in hoto ya makara, sai a ji kiɗa kafin a ga hannu ya sauka, shi ya sa ƙwararru suka fi yarda da waya. A rangadinsa na 1993, mawaƙin Ingila Peter Gabriel ya ɗaura irin wannan kyamara a kansa, tana haska fuskarsa. Amma duk inda aka ɓoye kyamara, lallai makaɗi ya san an saka ta.