Amsoshin Tambayoyinku: Kalmar "tis" a Girkancin Sabon Alkawari

Wani mai sauraronmu daga Jos yana tambaya: mece ce ma'anar "tis" a Girkancin Littafi Mai Tsarki?

To Malam, "tis" wakilin suna ne da ba ya fayyace wanda ake nufi, kamar "wani" ko "wata". Namiji da mace duk "tis" ne, abu kuwa "ti", jam'in mutane "tines". Yawanci tana jingina da kalmar da ta gabace ta, ba ta buɗe jimla. Da ita Luka ya gabatar da mutanen misalan Yesu a 10:30 da 15:11.

Amma a kula: idan wasalin farko ya ɗauki alamar ƙarfin murya, ta zama tambaya, wato "wa?" ko "me?". Da fatan ka gamsu.