Digiri Ta Intanet Daga Kuyello: Abin Yi Da Abin Bari

Da ku nake, malaman firamare masu NCE, ma'aikatan asibiti da na ƙaramar hukuma, 'yan kasuwa da matan aure na Kuyello, Kutemeshi, Tabanni da Dogon Dawa. Shekaru sun ja, iyali sun yi nauyi, halin da dajin nan ya jefa mu ya hana da yawanku zuwa Zariya ku zauna a aji. Yanzu kowa ya buɗe Facebook sai talla ta tare shi: digiri daga ɗakinka, a wayarka, lokacin da ka ga dama. A cikin tallan nan akwai na gaskiya, akwai tarko. Wanda ya yi zaɓen tumun dare ba ya ganewa a ranar. Sai bayan shekara huɗu, ya kai takarda ofis a ce masa ba a san ta ba. Ka karanta, ka kiyaye.

ABIN DA ZA KA YI

1. Fara da tambayar ko NUC ta san jami'ar. Ita ce hukumar jami'o'i ta ƙasa, kuma tana da jerin waɗanda ta yarje wa koyarwa daga nesa. Wadda babu sunanta a ciki, takardarta ba ta cin kasuwa a Najeriya.

2. Bincika kwas ɗin shi ma. Kwas-kwas ake tantancewa, ba a yi wa jami'a kuɗin goro. A 2015 majalisar da ke kula da horar da lauyoyi ta ce ba ta amince da digirin shari'a na NOUN, jami'ar karatu daga nesa, ba, waɗanda suka gama suka shafe shekaru suna jiran a buɗe musu ƙofar makarantar lauyoyi. Jami'ar ta gwamnatin tarayya ce, amma hakan bai cece su daga jiran ba.

3. Duba na kusa kafin na nesa. Akwai NOUN, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002. Tana da cibiyoyi a Kaduna, Kano, Katsina, Gusau da Minna. Akwai cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Malamai kuma suna da cibiyar horar da su, NTI, a Kaduna tun 1976. Masu zaman kansu irin su Miva ta Abuja da Iconic ta Sakkwato a 2023 suka sami lasisi, sababbi ne. Dalilin wannan umarni ɗaya ne: in sakamakonka ya maƙale, kana bukatar ofishin da za ka taka da ƙafarka ka tsaya a bakin ƙofa.

4. Tambayi inda ake zana jarrabawa kafin ka biya ko sisi. Wannan ita ce tambayar mutumin Kuyello, kuma ita masu talla ba sa son ji. A NOUN aikin gida da ake kira TMA maki 30 ne, jarrabawa maki 70, kuma galibi a cibiya ake yin ta, ba a ɗaka ba: aji ɗaya da na biyu a kan kwamfuta, daga aji uku zuwa sama da biro da takarda. Ke nan duk zango sai ka hau hanya, ba kuma kwana ɗaya za ka yi ba. Ka san abin da hanyar Birnin Gwari zuwa Kaduna ta Udawa da Buruku ta zama shekara da shekaru, lokacin da mota ba ta wucewa sai da rakiyar jami'an tsaro. Gaskiya ne an yi sulhu da 'yan bindiga a Nuwamban 2024, Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan doguwar rufewa, hanya ta yi sauƙi. Allah ya ɗorar. Amma digiri shekara huɗu ne ko fiye, ba wanda ya ba ka tabbacin shekara huɗu. Auna hanyar Funtuwa zuwa Zariya da ta Kaduna, ka zaɓi cibiyar da ke garin da kake da ɗan'uwa mai ɗakin baƙi.

5. Lissafa kuɗin duka shekarun a takarda. Kuɗin fom shi ne ƙarami. Akwai rajistar zango, rajistar kowane darasi, kuɗin jarrabawa, data, cajin waya, mota, masauki, gwajin koyarwa ga malamai, da kundin bincike a shekarar ƙarshe. Wanda ya lissafa zangon farko kaɗai, a aji biyu yake tsayawa.

6. Ware kuɗin makaranta tun da kaka. Buhunan masara ko waken soya da ka ce na karatu ne, kada biki ko suna su taɓa su. Ranar rufe rajista ba ta jiran kasuwa ta yi kyau.

7. Sauke littattafanka duka a farkon zango, ka buga masu muhimmanci a takarda. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa an katse layukan waya a wasu sassan jihar, har da Birnin Gwari, sai ƙarshen Nuwamba aka maido. Wata biyu ke nan babu sabis, rabin zangon karatu. Riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, ka sayi ƙaramar sola.

8. Nemi izinin karatu daga wurin aikinka, a rubuce, da sa hannu da hatimi. Malami ya bi ta ofishin sakataren ilimi zuwa SUBEB. A aikin gwamnati NCE mataki na 7 take farawa, digiri na 8. In ba ka da takardar izini a fayil, ranar neman ɗaga mataki za ka sha tambayar da ba ka da amsarta. “Oga ya ce ba komai” ba takarda ba ce, oga kuma ana canza shi.

9. Shiga da takardar da ke hannunka. Mai NCE ko difloma ta ƙasa yakan fara daga aji biyu. Kada ka biya shekarar da ba dole ba.

10. Cike giɓin sakandare tukuna. Kiredit biyar ake nema, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu na WAEC, NECO ko NABTEB. Wanda ya shiga da “zan gyara daga baya”, a ranar karɓar shaida ake tare shi.

11. Tabbatar JAMB ta san da shigarka, kuma sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN, a sakamakon sakandare, a fom ɗin jami'a. Muhammadu a nan, Mohammed a can, ya isa ya riƙe maka takarda shekara guda.

12. Ke kuma 'yata, ki gama magana da maigida kafin ki cike fom. Ba maganar karatu a waya kaɗai ba: maganar tafiyar jarrabawa, wa zai raka ki, gidan wa za ki sauka, wa zai riƙe yara. Yardar da aka bayar ba a san da tafiya ba, ranar tafiya take warwarewa.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka sayi digiri. A Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, bai taka aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da ita. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. A Agustan shekarar ministan ilimi Tahir Mamman ya ce sama da mutum 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu, aka kuma ba da umarnin zaƙulo waɗanda suka ci aiki da su. Ba kuɗi kaɗai za ka rasa ba, har aikin da kake da shi tun kafin ka sayo ta.

2. Kada ka tura kuɗin makaranta asusun mutum. Jami'ar tarayya ta Remita ake biyanta, da lambar RRR da ka ciro daga shafinta. Duk “wakili” da ya turo maka lambar asusunsa ta WhatsApp, ɓarawo ne ko mai shirin zama ɓarawo. Adana kowane rasit.

3. Kada ka bar wa mai shagon kwamfuta lambobin sirrinka, kada kuma ya sa lambar wayarsa da imel ɗinsa a madadin naka. Duk saƙon jami'a wurinsa zai riƙa zuwa, ran da kuka ɓata ya rufe ka waje.

4. Kada ka saurari mai cewa babu jarrabawa, ko digiri cikin shekara ɗaya. Araha ba ta ado.

5. Kada ka biya wani ya yi maka TMA ko ya rubuta maka kundi. Maki 30 zai samo maka, sauran 70 kai kaɗai za ka zauna da su. Malaman Kaduna kuwa ba sa bukatar a tuna musu 2017, lokacin da mutum 21,780 suka faɗi jarrabawar gwaji aka sallame su. Takardar da ke fayil ba ta cece su ba.

6. Kada ka kwashi darussa da yawa a zangon farko, musamman in ya faɗo cikin damina. Mai huɗa da safe, aji da rana, ba ya karanta darasi tara da dare. Faɗuwa kuma sabon kuɗin rajista ce.

7. Kada ka zaci digiri ta intanet za ta mai da kai nas. Digirin jinya na karatu daga nesa na waɗanda suka riga suka yi rajista da majalisar ma'aikatan jinya ne. Digirin lafiyar al'umma ba lasisin duba marar lafiya ba ne.

8. Kada ka shiga da kwaɗayin alawus ɗin bautar ƙasa. Wanda ya haura shekara 30 ranar kammalawa takardar yafewa ake ba shi, masu karatun wucin gadi kuma an saba ba su takardar cirewa. Tambayi jami'ar wacce ɗalibanta ke samu, ka nemi ganin ta a hannun wanda ya gama.

9. Kada sunan Amurka ko Ingila ya ruɗe ka. Takardar waje sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance ta kafin ta yi aiki a nan. Kuɗinta kuma da dala ne: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Albashinka bai bi ta ba.

10. Kada ka sayar da gona ko shanun huɗa, kada ka ci bashi mai ruwa. Digiri ba ta zuwa da takardar ɗaukar aiki, gonar kuwa ita ke ciyar da gidan har ka gama.

11. Kada ka fita bayan gari neman sabis, balle da dare. Kada ka yi ta nuna kwamfuta a kasuwa ko tasha, kada ka sanar a majalisa ranar da za ka tafi jarrabawa. Kowa a ƙasar nan ya san aikin infoma. Tafi da hantsi, kwana biyu kafin ranar. In an ce hanya ba kyau, ka zauna. Darasi ana maimaita shi.

12. Kada ka miƙa wa kowa asalin takardunka ya tafi da su “ya yi maka rajista”. Kwafi ake bayarwa. Asali a hannunka ake duba shi, ya koma jakarka.

13. Kada ka ɓace ba sanarwa in rashin lafiya, rashin kuɗi ko gudun hijira ya same ka. Rubuta takardar neman ɗage zango, ka kai cibiyarka, ka karɓi kwafi mai hatimi. Kowace jami'a tana da iyakar shekarun da ɗalibi zai yi, kuma shekarun da ka yi shiru ana ƙirga su a ciki.