Kafin a zo ɗaukar motarka

Idan farashin tumatir ya faɗi a Kwanar Gafan, direbobin Kura da Bunkure da suka karɓi mota ko adaidaita sahu a kan biya kaɗan-kaɗan su ne ke fara jin jiki. Wata biyu ba balas, sai ka ga mai mota ya zo da ɗan sanda.

Ɗan'uwa, ka sani: sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Aikin 'yan sanda hana rikici ne, ba karɓo bashi ba. Dokar sayen kaya biya kaɗan-kaɗan ta 1965 kuma ta ce in ka biya kashi 3 cikin 5 na kuɗin mota, ƙwace ta sai ta hanyar kotu.

Amma hujja fa? Nan da yawa ke faɗuwa, don kuɗin hannu-da-hannu suke miƙawa a bakin gona. Ka karɓi rasit a kowane biya, ka adana takardar yarjejeniya a gida, ba a cikin mota ba.

In sun zo, kada ka yi kokawa kan makulli. Kira shaidu, ɗauki hoton motar da kayan da ke ciki, sannan ka nemi lauya ko ofishin Legal Aid a Kano.