DARASIN FIƘIHU: IN GWAMNATI TA CE A YI AZUMI DA ADDU'A

Kun sha jin sanarwa a rediyo, daga gidan gwamnati ko daga fadar Sarkin Katsina, ta biyo ta hannun Yandaka a Dutsin-Ma ko Maradi a Kurfi, cewa a yi alƙunutu, ko a fita roƙon ruwa, ko a ɗauki azumi saboda halin da ƙasa ke ciki. To, mene ne hukuncin wannan kira? Wanda bai yi ba ya yi zunubi? Ina matsayin maƙwabcinmu wanda ba Musulmi ba?

Ga misali. Bayan harin da aka kai garin Auno, Gwamna Babagana Zulum na Jihar Borno ya ware ranar Litinin, 24 ga Fabrairu, 2020, domin azumi da addu'a, ya kira Musulmi da Kirista baki ɗaya. Mu nan ma ba baƙin tashin hankali ba ne. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, a Oktoba 2023 kuma aka sace ɗalibai mata 5 na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Manomi nawa ne ya bar gonarsa ta daji don tsoro? Wanda duk ya ga wannan ya san muna da bukatar komawa ga Allah.

Abu na farko: nafila tana nan nafila. Azumin da aka farlanta wa kowa shi ne na Ramadan. Na Litinin da Alhamis na neman lada ne, kuma sanarwar gwamna ba ta mayar da shi farilla. Malamanmu na Malikiyya sun riga sun yi wannan bayani a babin roƙon ruwa. Shehu Halilu ya kawo a Muhtasar cewa ana so a yi azumin kwana 3 kafin fita, amma shugaba ba ya umurni da azumin. Abin da zai umurci jama'a da shi shi ne tuba da mayar da haƙƙin mutane. Kun ga hikima? Wanda ya ci gonar maraya, ko ya tauye mudu a kasuwa, ko yake kai wa ɓarayin daji labari, yunwar wuni ɗaya ba za ta wanke shi ba sai ya saki abin da ke hannunsa.

Don haka, yara, kada wanda ya yi azumi ya yi wa wanda bai yi ba gori. Wata tana da juna biyu, wani ba lafiya, wani lebura ne da in bai fita ba gidansa ba za a ɗora tukunya ba. Ibadar da aka yi don tsoron ido ko don a ce, ba ta da lada.

Abu na biyu: wanda ba Musulmi ba. Aya ta 256 a Suratul Baƙara ta hana a tilasta wa mutum shiga addini. A babin roƙon ruwan nan kuma, Halilu ya nuna cewa ba a hana wanda ba Musulmi ba, mai zaman amana da mu, fitowa roƙo a ranar da aka fita. Sai dai ya tsaya a nasa ɓangaren. Ai fari in ya zo ba ya tambayar gonar wa ce. Ɗalibi Kirista da ya zo karatu Kwalejin Isa Kaita, in an ce a yi addu'a, ya tafi cocinsa, mu tafi masallacinmu, ba mai tsangwamar wani.

Abu na uku: dokar ƙasa. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 10, ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. Sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin yin addininsa da koyar da shi, ya hana a tilasta wa ɗalibi ibadar addinin da ba nasa ba, ya kuma ba kowace al'umma damar karantar da 'ya'yanta a makarantar da ta gina. Ku lura, iyaye: sashen da ya kare Kirista shi ne ya kare Islamiyyar nan da kuke turo mana yara. Shi ya sa ake hutun Sallah ƙarama da babba da Mauludi, ake kuma hutun Kirsimeti. Wanda ya yarda a take 'yancin wani yau, gobe nasa za a taka.

Sai dai a tuna, addu'a ba ta ɗauke wa shugaba nauyinsa. Sayyidina Umar ya fita roƙon ruwa a shekarar fari ta 18 bayan Hijira, amma kuma ya aika Sham aka kawo abinci. Gwamnatin da ta ce mu yi azumi, mu amsa mata da zuciya ɗaya, mu kuma tambaye ta tsaron hanya da na gona.

Tambayoyi:
1. Da me shugaba ke umurtar jama'a kafin roƙon ruwa?
2. Wane sashe ne ya ba mu damar buɗe Islamiyya?

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.